Wayar Inna a Kan Baƙin Dutse

Ranar da Auta ta koma aiki bayan rasuwar Inna, da wayar marigayiyar ta tafi, a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan jakarta. Yaya ne ya ɗora mata wannan aikin. Yaya direban babbar mota ne, kuma irin mutanen nan ne da idan abu ya lalace sai sun sami wanda za su kama da laifi, ko da taya ce ta taka ƙusa. Tun da aka dawo daga asibiti magana ɗaya yake ta nanatawa. An ce wannan wayar tana kiran 'ya'ya da kanta idan tsoho ya faɗi. To ga Inna ta faɗi a tsakar ɗakinta da safe, ta kwanta a wurin har wajen ƙarfe biyu da matar tela ta leƙo aron almakashi ta gan ta, waya kuwa tana rataye a wuyanta ba ta ce uffan ba. Washegari Inna ta cika a asibiti. Abin da Yaya yake so shi ne Auta ta auna wayar a wurin aikinsu, ta kawo masa takarda mai hatimi, shi ya san ƙofar da zai je ya buga da ita.

"Ke kika san cikinta," in ji shi. "Ki rubuta musu cewa kayan banza ne."

Auta ta ce to. Abin da ba ta gaya masa ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, shi ne wata biyu kafin faɗuwar, ita da hannunta ta canza wata lamba a cikin wayar. Kwana tara ke nan tana son ta san ko lambar ce ta rufe wa wayar baki, kuma tana tsoron sani.

A wani kamfani take aiki da ke karɓar tsofaffin wayoyi, ya gyara su, su sake komawa hannun mutane. Sashensu yana can ƙarshen ginin, a ƙasa, ɗaki ne mara taga mai sanyi kamar cikin firji. A cikin kowace waya akwai wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ke jin motsi. Shi ke gaya wa waya an juya ta, an ɗaga ta, ko mai ita ya yi taku dubu nawa yau. Idan ya karkace, waya sai ta riƙa rantsewa a tsaye take alhali tana kwance. Aikin Auta shi ne ta gano masu irin wannan ƙaryar ta daidaita su.

A tsakiyar ɗakin akwai wani baƙin dutse shimfiɗaɗɗe, an goge shi sumul, an zaunar da shi yadda bai karkata ko'ina ba. A kansa ake kwantar da waya ta fuska shida: rigingine, rub da ciki, a tsaye kan ƙafarta, a tsaye kan kanta, sai gefen dama da gefen hagu. A kowace fuska dole ta nuna cewa ƙasa tana jan ta da ƙarfin da suke kira ɗaya, ba ƙari ba ragi. Daga nan a ɗora ta a kan wani faifai mai juyawa, a ga ko ta san iya juyin da aka yi da ita. In ta ci, fitila ta kawo kore. In ta faɗi, ja.

Mai kula da dutsen wani dattijo ne da kowa ke kira Kawu, har shugaban sashe da ya kusa zama sa'ansa. Da can gyaran agogo yake yi, kuma har yanzu yana kallon duniya kamar abin da ke gudu da minti biyar. A ɗakinsa ba a tafiya da ƙarfi, ba a jingina da tebur, atishawa ma sai ka fita da ita waje. Ya taɓa korar wani injiniya saboda yana kaɗa ƙafa. Amma Auta yake yabo a gaban kowa, ya ce in ta ajiye waya a kan dutse, dutsen ma bai san an ajiye ba.

Saboda wannan sanin ne ta ga ita ta fi cancanta ta shirya wa Inna waya, lokacin da jiri ya fara ɗibar tsohuwar kuma ta kafe ba za ta bar ɗakinta ta koma gidan kowa ba. Auta ta zaɓo waya mai kyau, ta kwantar da ita a kan dutsen da kanta, ta sa mata manhajar da ke jin faɗuwa, ta ɗinka mata 'yar jaka mai igiya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan girgiza ta ninka wancan ƙarfin na ɗaya fiye da sau biyu da rabi, waya za ta kira Auta.

Sai dai wanda ya tsara biyu da rabi bai taɓa ganin zaman Inna ba. Inna ba ta iya zama a hankali ba. Takan juya wa kujera baya ne kawai ta saki jiki, kujerar ta ji da sauran. Haka take karkaɗe shimfiɗa kamar ta yi mata laifi, haka take cire wayar ta wurga kan katifa in igiyar ta dame ta. Duk wannan a wajen waya faɗuwa ce. A wata guda sau goma sha ɗaya ta kira. Kuma ma'aikaci ba ya shiga ɗakin dutse da tasa wayar, a akwatin ƙarfe ake barin ta a bakin ƙofa. Sai mai gadi ya ji tana ruri ya leƙo, Auta ta bar aiki rabi, ta fito gabanta yana faɗuwa, ta kira, ta ji muryar Inna garau tana tambaya ko 'yar gulmar nan ta sake kai ƙararta. Sau biyu Inna ba ta ɗauka ba, Auta ta tari mota ta tsallaka gari, ta same ta tana shanya tana waƙe-waƙenta.

Shugaban sashe ya yi magana sau ɗaya cikin raha, na biyu kuma babu raha. Inna ma abin ya fara ba ta kunya, ta ce in haka za a riƙa tayar wa yarinya hankali a wurin neman abincinta, gara ta jefa wayar cikin durowa. Ita kuma Auta, a faɗi gaskiya, ta gaji. Ba gajiya da Inna ba, gajiya da faɗuwar gaba a kan banza.

Wata ranar hutu ta je, ta zauna bakin gado, ta buɗe wani shafi na manhajar da ba kowa ya san da shi ba, ta ɗaga lambar daga biyu da rabi zuwa huɗu. Kada a ce da ka ta yi, don ta gwada. Ta wurga wayar kan katifa, shiru. Ta rataya ta ta faɗa kujera irin faɗawar Inna, shiru, Inna tana dariya tana cewa ba ta iya ba. Sannan ta shimfiɗa tawul a ƙasa, ta ɗaga wayar daidai ƙirji ta sake ta, nan take ta yi ƙara. Sau uku ta maimaita, sau uku ta yi ƙara. Haka ake gwaji a wurin aikinsu: a saki waya daga tsayi sananne, ta faɗi tsaye, a duba. Auta ta koma gida hankalinta kwance, kuma daga ranar mai gadi bai sake leƙowa ba.

Yau da ta shigo, Kawu ya yi mata gaisuwa a taƙaice, ya ce da ta ƙara kwana biyu ai dutsen ba guduwa zai yi ba. Ta ce zaman gidan ne ya ishe ta. Ta yi aikin safe kamar kullum, tiren wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da aka fita cin abincin rana ta ce ba ta jin yunwa. Ta nemi izinin Kawu ta auna wata waya ta gida, ya ɗaga mata hannu ya fita.

Ta warware ɗankwalin. Jakar tana nan da ƙanshin man da Inna ke shafawa, igiyar ta yi baƙi daidai inda take taɓa wuya. Auta ta zare wayar da sauri ta tura jakar cikin aljihu, don ta san in ta tsaya kallonta ba za ta iya aikin ba. Tun a asibiti aka kashe wayar, ba wanda ya sake taɓa ta. Ta kunna ta, ta haɗa ta da kwamfuta, ta kwantar da ita rigingine a kan dutsen.

Shekara bakwai tana wannan aiki, kullum kore take so, don ja ƙarin wahala ce. Yau ja take roƙo da dukkan zuciyarta. Abin jin motsi yana lalacewa, ta ga ɗaruruwa. Zafi yana karkatar da shi, buguwa tana kashe masa gefe guda. In wannan ya mutu, to ko biyu da rabi ko huɗu duk ɗaya ne, Yaya ya sami takardarsa, ita kuma ta sami barci.

Rigingine, ɗaya. Rub da ciki, ɗaya. Ta tsayar da ita kan ƙafa, kan kai, dama, hagu. Sai da ta riƙa ja da baya tana riƙe numfashi kafin awon ya zauna. Fitila ta kawo kore. Ta ɗora ta a faifai, ya juya ya tsaya, kore. Ta goge dutsen, ta goge bayan wayar, ta sake daga farko. Ta sake na uku. Wayar ba ta kauce ko da gashi ɗaya ba daga yadda ta daidaita ta wata biyar da suka wuce. Aikin hannunta ne, kuma ya yi kyau.

Ba ta ji shigowar Kawu ba, shi da ma ba a jin shigowarsa. Ya tsaya a bayanta da kofin shayinsa da ya san bai kamata ya shigo da shi ba. Ya ce tun da ya san ta bai taɓa ganin ta auna waya ɗaya sau biyu ba, balle uku. Ya tambaye ta ko ta tsohuwa ce. Ta gyaɗa kai. Daga nan maganar ta ƙwace mata, ta gaya masa komai, kiran goma sha ɗaya, da huɗun, da tawul ɗin da ta shimfiɗa.

Kawu ya ajiye kofin a ƙasa, ya jawo kujera. Ya zauna kusa da ita.

"Waya kika gwada, 'yata," ya ce a hankali. "Waya ba ta da hannu. Mutum in zai faɗi yana kama labule, ya kama bango, ya sauka kan gwiwa tukuna. Ba ya faɗuwa gaba ɗaya."

Ta san haka. Ta san shi yanzu kamar ta daɗe da sani, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Saura abu ɗaya. Manhajar tana ajiye tarihin motsi na kwana biyu na ƙarshe, kuma tun da a kashe wayar take, ranar tana nan ciki ba a goge ta ba. Kawu ya ce ba dole ba ne ta buɗe. Takardar awo ba ta tambayi wannan ba, gurbinta biyu ne, lafiya ko ba lafiya. Ta ce ta sani. Ta buɗe.

Layi ne kawai a kan allo, yana hawa yana sauka, amma mai wannan aiki yana karanta shi kamar wasiƙa. Ga inda Inna ta ɗauki wayar ta rataya, ƙarfe bakwai saura. Ga tafiyarta, taku ɗaya dogo ɗaya gajere saboda gwiwar hagu. Ga shara. Ga inda ta faɗa kujera, biyu da ɗigo takwas, har Auta ta kusa yin dariya. Ga dogon zama. Ga tashi. Taku shida. Sai ƙarfe goma da minti goma sha biyu, layin ya yi wata tangal-tangal ta daƙiƙa biyu, ya ɗan tsaya, sannan ya yi tsalle ɗaya.

Uku da ɗigo ɗaya.

Auta ta kalli lambar har ta daina ganinta. Ya wuce biyu da rabi. Bai kai huɗu ba. Babu wata hanyar da za a karanta shi ya ba da wata amsa.

Da a nan ta tsaya, da ta tafi da nauyi ɗaya. Amma layin bai ƙare ba, kuma ido ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Bayan tsallen, wayar ta nuna ta koma gefe, kusan a kife, daidai da abin da matar tela ta ce, cewa jakar ta zame ta koma bayan kafaɗar Inna. Sai shiru na minti huɗu. Sai layin ya ɗaga kaɗan, ya yi rawa, ya koma. Bayan minti uku ya sake. Inna tana yunƙurin tashi ne, ko tana neman kai hannu ga igiyar. Auta ta ƙirga ba da son ranta ba, don ƙirga ya zame mata jiki. Sau goma sha huɗu. Tsakanin kowane yunƙuri da na gaba hutun yana ƙara tsawo, ɗagawar tana ƙara raguwa. Na ƙarshe ƙarfe goma sha biyu saura minti bakwai. Bayan shi babu komai sai wani ɗan kaɗawa siriri, sama da ƙasa, na numfashi, har ƙarfe biyu.

Awa ɗaya da minti arba'in da ɗaya Inna tana sane. A wannan lokacin Auta tana nan ɗakin, tsaye a bakin wannan dutsen, wayarta shiru a akwatin ƙarfe, tana jin daɗin yadda aiki ke tafiya ba katsewa.

Ba ta yi ihu ba, ɗakin ya koya mata kuka ba motsi. Hawaye ne kawai suke zuba a kan rigar aikinta. Kawu ya miƙa hannu ya juya allon gefe. Ya ce ko da ta iso a minti ashirin, babu mai tabbacin abin da likita zai iya yi, jini ne ya taru a kai, kuma rai ba a hannunta yake ba.

"Na sani, Kawu," ta ce. "Amma da na zo. Da ba ita kaɗai ba ce a ƙasa."

Da ta nitsu ta ɗauki takardar awo ta cike ta. A gurbin sakamako ta rubuta lafiya. A 'yar sararin ƙasa da aka bari don ƙarin bayani, wanda ba wanda ke cikewa, ta rubuta cewa an ɗaga lambar kira daga biyu da rabi zuwa huɗu, da ranar, da wadda ta ɗaga, da ƙarfin faɗuwar. Kawu ya karanta, ya tambaye ta ko ta tabbata tana son wannan ya fita daga ɗakin nan. Ta ce e. Ya buga hatimi ya sa hannu.

Da yamma ta sami Yaya a ɗakin Inna yana cire labule, don mai gidan ya ce a kwashe kaya kafin ƙarshen wata. An jera kwalaye a bakin ƙofa, gadon babu katifa. Yana ganinta ya sauko daga kan kujera ya goge hannu a wando, ya tambaya ko an samu. Ta miƙa masa takardar.

Yaya ba mai saurin karatu ba ne, yana bi da yatsa. Da ya kai kan lafiya fuskarsa ta haɗe, ya buɗe baki zai fara. Ta ce ya karanta na ƙasa. Ya karanta, ya sake karantawa. Ta tsaya ta bayyana masa da bakinta, dalla-dalla, ba ta rage komai daga laifinta ba kuma ba ta nemi uzuri ba, har kiran goma sha ɗayan ma a gajarce ta faɗe shi.

"Wayar ƙalau take, Yaya. Ni ce."

Ta shirya wa faɗa. Ta san muryarsa in ta tashi har maƙwabta sai sun fito, kuma da ya yi hakan da ta ji sauƙi. Bai yi ba. Ya nemi gefen gadon ya zauna kan katakon, takardar a kan gwiwarsa. Kwana tara yana ɗauke da fushin da ya tanada don wasu mutane da bai sani ba, yanzu ga shi babu inda zai sauke shi sai kan ƙanwar da ya goya. Ta ga yadda abin ya tsufar da shi a zaune. A waje wani yana ta buga ƙarfe, ya tsaya, ya ci gaba.

Can ya ɗago. Bai kalle ta ba, tsakar ɗakin yake kallo, wurin da aka sami Inna.

"Abin naku yana nuna lokaci?"

"Yana nunawa."

"To gaya min abu ɗaya. Duk awannin nan, ta san inda take? Ta ji jiki?"

Auta ta ji lambobin sun taso mata har bakin harshe, goma sha huɗu, awa ɗaya da minti arba'in da ɗaya. Duk rayuwar aikinta ba ta taɓa rubuta abin da awo bai nuna ba, kuma yanzun nan ta gama faɗin gaskiyar da ta fi kowace ɗaci a kan kanta. Ta kalli Yaya, ta ga yadda ya riƙe katakon gadon da hannu biyu yana jira. Waccan gaskiyar haƙƙinsa ce. Wannan kuwa in ta ba shi, zai tuƙa mota da ita har ƙarshen ransa.

"A'a, Yaya," ta ce. "Tana faɗuwa ta suma. Ba ta sake motsi ba."

Ya saki numfashi mai tsawo, ya rufe fuska da tafin hannu, ya yi ta godiya ga Allah ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce abin da ke hana shi barci ke nan, tunanin tana kiransu ba wanda ya ji. Ya ce yanzu ya ji sanyi.

Auta ta juya masa baya, ta durƙusa gaban kwalin da ke buɗe, ta ci gaba da ninke zannuwan Inna ɗaya bayan ɗaya.